Tambayi Baba Fasto: Bangaskiya ce ke ceto, ko ayyuka?

TAMBAYA: Baba, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni a ECWA na tashi, maigidana kuwa ɗan Katolika ne. Da wuya mako ya wuce ba mu taɓa gardama ba. Ni na ce ta wurin bangaskiya kaɗai ake samun ceto, shi kuma sai ya buɗe mini Yakubu sura 2, ya ce bangaskiyar da ba ayyuka matacciya ce. Yanzu babbar 'yarmu ta fara tambayar wa ke da gaskiya. Me zan ce mata? Daga wata 'yar'uwa a Kafanchan.

AMSA: 'Yata, salama a gare ki da mutan gida. Ke kin riƙe Bulus, maigidanki ya riƙe Yakubu, kuna ta haɗa su faɗa, alhali su ba su yi ba. Kowannensu da irin mutanen da yake wa magana.

Lokacin da Bulus ya rubuta wa Galatiyawa, wasu ne suka shigo suna cewa Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, ba za su sami ceto ba sai sun yi kaciya sun kiyaye Shari'ar Musa. Su yake kwaɓa. Yakubu kuwa da mutumin da bangaskiyarsa ta tsaya a fatar baki yake: ya ga ɗan'uwa ba riga ba abinci, ya ce masa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, amma ko ƙwayar hatsi bai ba shi ba. Har ya ce aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne, suna rawar jiki.

Dukansu biyu Ibrahim suka kawo shaida. Bulus, a Romawa 4, ya koma Farawa 15, inda Ibrahim ya gaskata alkawarin Allah aka lasafta masa adalci, tun bai yi kaciya ba, tun ba a haifi Ishaku ba. Yakubu ya nufi Farawa 22, bayan shekaru, ranar da dattijon ya ɗora wa yaron itace suka hau dutse. Bangaskiyar sura 15 ce ta ɗaga wuƙa a sura 22.

Mu ma muna da namu laifin. A makarantar Lahadi yara suna haddace Afisawa 2:8-9, cewa ceto ta wurin alheri ne, kyautar Allah ce, kada kowa ya yi fahariya. Sai mu rufe littafin. Aya ta 10 kuwa cewa ta yi an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Ki dubi gona da damina: ɗan ƙwadago da ɗan gida kunya ɗaya suke nomewa. Da yamma ɗan ƙwadago zai miƙa hannu a biya shi. Ɗan gida ba ya jiran lada, kuma noman bai mai da shi ɗa ba, da ma ɗa ne. Amma in ya kwana inuwa damina ta wuce, mutane za su tambayi ko na gidan ne.

Gardamar taku ta girme ku. Martin Luther ya ta da ita a Wittenberg ta Jamus a 1517, kan takardun yafe horon zunubi da ake sayarwa. Shi kansa wasiƙar Yakubu ba ta kwanta masa ba, a 1522 ya kira ta wasiƙar ciyawa, ko da yake bai cire ta daga fassararsa ba. Majalisar Trent ta Katolika ta mayar da martani a 1547, kuma ki lura, ita ma ta la'anci duk mai cewa ayyukansa za su baratar da shi, wato su mai da shi mai adalci a gaban Allah, ba tare da alherin Allah ba. Don haka ki daina ce wa maigidanki su da aiki suke sayen sama. Ba koyarwarsu ba ce. A ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg, Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya, wadda majami'ar Lutheran ta LCCN da ke Numan ke cikinta, suka sa hannu kan sanarwa ɗaya: Allah yana karɓarmu ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, Ruhu Mai Tsarki kuma yana kiranmu ga ayyukan kirki.

Bambanci bai ƙare ba. Katolika suna ganin baratarwa tana ƙaruwa ta wurin sakramenti, irin su baftisma da jibin Ubangiji, da ayyukan da alheri ya haifar. Mu muna cewa an gama ta a kan gicciye, tsarkakewa ce ke ci gaba. A nan ina tare da ke, ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23 ya sami alkawarin Firdausi, bai kuma sauko ya yi aikin komai ba. Sai dai abin da ya fi damuna a majami'unmu shi ne mai ihun "bangaskiya kaɗai" ranar Lahadi, Litinin ya ƙwace gonar gwauruwar ƙanensa.

Yarinyar kuwa, ku zaunar da ita ku biyu. Ke ki karanta mata Yakubu 2, babanta ya karanta Afisawa 2 har aya ta 10, sannan ita ta karanta muku Galatiyawa 5:6, inda Bulus ya yi maganar bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna. In ta ƙara tambaya, ki sake rubuto mini.