Tambayi Anti: Kuɗin Adaidaita Na Cinye Min Kuɗin Cefane

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ki bani shawara. Ni ɗaliba ce aji biyu a jami'a anan Kano, mu uku muka kama ɗaki a wajen makaranta ta ɓangaren Titin Gwarzo, babu mai mota ko mashin a cikinmu. Wallahi duk sanda na shiga gari cefane sai inga kuɗin adaidaita zuwa da dawowa ya kusa kai kuɗin abinda na siyo, in kuma na tsaya shagon unguwa tsada kamar me. Ga tumatir kwana biyu ya ruɓe, bamu da firji. Wata bai kai rabi ba na koma garin kwaki. Ya zanyi?
Daga wata ɗaliba, Kano.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Kin tuna min zamanin da nima na ɗau buhun shinkafa a ka daga bakin titi har ɗaki, maza na kallo ko sannu babu. A lokacinmu ma da sauƙi, akwai ɗan acaɓa har ƙofar gida, to tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, sannan tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya haukace, don haka ba sakacinki bane.

Amma bari in faɗa miki gaskiya, ba rashin mota ke cinye kuɗinki ba, yawan zirga-zirga ne. Ke kaɗai ki fita duk sati saboda leda biyu, ai ɗan sahu kike yiwa aiki. Ku uku ne a ɗaki, na tabbata a gidan nan naku akwai wasu ɗakunan masu irin kukanki, ku haɗu ku biyar ko shida kowa ta rubuta abinda take so ta turo kuɗinta, mutum biyu su tafi sau ɗaya a wata. Zuwa ku hau na haɗaka kamar kowa tunda hannu rabbana kuke, sai a dawowa ne zaku ɗau shata guda ɗaya a raba kuɗin, kuma ku gama ciniki da mai adaidaitan kafin a loda kaya, in kaya suka riga suka shiga to shi ke da bakin magana. In kun dace da mai kirki ku karɓi lambarsa ya zama naku.

Sai maganar ina za'a je. Mutane zasu ce miki Dawanau, eh nan ne uwar kasuwar hatsi amma tana can hanyar Katsina, kuma ribarta sai mai siyan buhu, ba'a zuwa Dawanau saboda kwano biyu na wake. In kun kai ku raba buhu to bismillah. Taliya, magi, sukari, sabulu, su katan-katan ɗin nan kasuwar Singa ake zuwa, ku siyi katan ku fasa a ɗaki. Kayan miya kuma kasuwar Yankaba, saidai daga inda kuke sai kin keta gari kaf, ni banga amfanin zuwa ba sai in kwando zaku ɗauko.

Tumatir ɗin nan da ke ruɓe miki, daina siyan ɗanye da yawa tunda ba firji. Lokacin sanyi da na rani ya shigo yake araha, a lokacin ku siya ku markaɗa harda tattasai da attaruhu, ki dafa shi sosai ruwan ya ƙone ƙurmus sannan ki soya da mai, zai miki kwanaki in kina ɗumamawa kullum kuma baki sa jiƙaƙƙen cokali ba. In damina ta kawo kai ya yi tsada sai ki koma busasshe. Kuma dan Allah 'yan matan yanzu ku daina raina kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, basa neman wuta basa neman firji, wata uku suna nan. Wake ki zuba a busasshiyar jarka ki toshe bakin gam, ƙwari basa rayuwa in ba iska.

In gida ba nisa, ranar dawowa hutu ki taho da hatsinki musamman bayan kaka, ko Umma ta baiwa direban tasha saƙo ki tara a Kabuga ko inda motar garinku ke sauke mutane, ladan direba bai kai shata ba.

Baki faɗa min ko kin nemi bashin karatu na NELFUND (asusun gwamnatin tarayya mai baiwa ɗalibai bashi) ba, masu samu ana basu naira 20,000 duk wata na kashewa, bashi ne ba kyauta ba, ki yi shawara da gida tukunna. Ko daga ina kuɗin suka fito dai, ranar da suka shigo ki ware na cefane ki miƙa wa mai riƙe muku lissafi kafin data da shawarma su gansu. Ita kuma mai riƙon ku zaɓi wadda bata jin kunyar cewa ba'a bashi.