Ƙaramin kamfani ko babba: amsa ga matuƙan jirgi

Tambaya: Ina koyar da tuƙin jirgi a Amurka, na kusa cika awa 1,500 na tashi da ake nema kafin shiga kamfanin jiragen sama. Kamfanonin shiyya biyu sun neme ni. Ɗaya yana ba da kuɗin sa hannu mai tsoka, ɗayan kuma yana da alƙawarin tura matuƙansa zuwa babban kamfani. Wanne zan ɗauka?

Ɗan'uwa, ka duba takardar yarjejeniyar kafin ka duba kuɗin. Galibin irin wannan kuɗi yana zuwa da sharaɗin ka yi wasu shekaru, in ka tafi kafin lokacin a ce ka mayar. Kamfanonin shiyya irin su Envoy da PSA da Piedmont mallakar babban kamfanin American Airlines ne, suna tura matuƙansu can bisa layi, amma layin na iya ɗaukar shekaru. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda ake saurin zama kyaftin. Dokar FAA, hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, ta ce sai ka yi awa 1,000 a aikin kamfanin jiragen sama kafin ka hau kujerar hagu, wato ta kyaftin, kuma awoyin kyaftin ne manyan kamfanoni suka fi daraja a takardarka. Ka tambayi matuƙan da ke ciki: wata nawa sabon shiga yake zaman jiran kira? Mai jiran kira yana iya wuni a ɗakin haya kusa da filin jirgi, wayarsa a hannu, bai tashi ba, awoyinsa ba su ƙaru ba.

Tambaya: Ni kyaftin ne a kamfanin shiyya, babban kamfanin Delta ya neme ni a matsayin mataimakin kyaftin. Ba koma-baya ba ne?

Malam, in shekarunka na da sauran nisa kafin 65, shekarar ritayar dole, ka tafi. Lambar daɗewa a aiki ce ke raba komai: jirgin da za ka tuƙa, garin da za ka zauna, hutun Sallah, da ranar da za ka koma kyaftin. Lambar tana farawa ranar da aka ɗauke ka, ba ta bin mutum zuwa wani kamfani, don haka duk watan da ka jinkirta, wasu sun shige gabanka har ka bar aiki. Kuma rufin kamfanin shiyya a ƙasa yake, domin yarjejeniyar ƙungiyoyin matuƙa ta tsayar da jiragensu a kujeru 76, irin su Embraer 175. Aikin cikin jirgi kuwa kusan ɗaya ne: ɗaya na tuƙi, ɗaya na sa ido da magana da hasumiya, a yi musaya a zango na gaba.

Tambaya: Ɗana na karatun tuƙi a Zariya. Lasisinsa zai yi aiki a Amurka?

Hajiya, sai ya nemi lasisin FAA ta hanyar jarrabawa da gwajin tashi, kuma sai yana da izinin aiki a Amurka. Awoyin da ya tara a littafinsa za a lissafa masa, don haka ya riƙa rubuta kowane tashi daidai, malaminsa ya sa hannu.