Lauyan da ya zama gwamna zai iya ci gaba da zuwa kotu?

Malam, ka tambaya ko lauyan da ya ci zaɓen gwamna zai iya ci gaba da tsaya wa mutane a kotu. A'a, ba zai iya ba. Sashe na 183 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana gwamna riƙe wani aikin da ake biyansa muddin yana kan kujera. Amma sunansa na nan a rajistar lauyoyi. Aminu Waziri Tambuwal lauya ne tun kafin ya shiga Majalisar Wakilai a 2003, ya mulki Sakkwato daga 2015 zuwa 2023, kuma lauyancin bai goge ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne komawa aikin lauya bayan siyasa. Na yi aiki a ofishin wani lauya da ya tsunduma siyasar jiha. Tun lokacin kamfen fayilolinsa suka dawo teburinmu, mu ƙanana, muna ta roƙon alƙali ya ɗage shari'a. Kafin ya dawo, masu ƙara sun kwashe takardunsu, rigarsa ta kotu kuwa tana rataye a bayan ƙofa, ƙura ta rufe ta.