Hali zanen dutse ne, ko icce ne da ake tanƙwarawa?

Wani mai karatu daga Fagge ya tambaya: Malam, Hausawa sun ce "hali zanen dutse", kuma su ne suka ce "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi". In hali ba ya kankaruwa, mene ne amfanin tanƙwarar?

Amsa: Malam, ka lura da wanda ake faɗa wa kowanne. Maganar icce iyaye ake yi wa, yaron yana gabansu, lokaci bai ƙure ba. Maganar dutse kuwa a kan baligi ake yin ta, bayan an yi masa faɗa, an yi nasiha, ya sake komawa ruwa. Duk wanda ya dubi ɗan shekara biyar ya ce halinsa zanen dutse ne, ya ɗauko karin maganar ya ajiye ta inda ba muhallinta ba. Sannan karin maganar ba ta ce da zanen aka haifi dutsen ba. Ta ce gogewa ce ke da wuya. Wanda ya yi zanen, da lokacin da aka yi shi, ta yi shiru a kansu.

Kalmar hali daga Larabci muka aro ta, inda take nufin yanayin da abu yake ciki, mai iya sauyawa. Wannan ma'anar tana nan a bakinmu: "halin da ake ciki", "ba ni da halin zuwa", har da "mai hali" da ake ce wa mawadaci. Ɗabi'a ita ma aro ce, tushenta ɗaya da ɗab'i da maɗaba'a, wato bugawa kamar ta hatimi, abin da aka halicci mutum a kansa. Da suka shigo Hausa sai suka yi musayar gurbi. Bakano zai ce "ya ɗauko wata muguwar ɗabi'a a waje", yana sa ran a raba yaron da ita. In ya ce "ai halinsa ne", ya rufe zancen ke nan.

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun auna wannan ta hanyar tagwaye. A shekarar 1979 Thomas Bouchard ya fara nazari a Jami'ar Minnesota ta Amurka kan tagwayen da aka raba tun suna jarirai, kowa ya tashi a gidansa. Wannan nazari da ire-irensa sun nuna cewa gadon jini yana da hannu a kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane wajen abubuwa kamar son shiga jama'a, saurin damuwa da tsare aiki. A fahimci lissafin da kyau: bambanci tsakanin jama'a ake aunawa, ba wai rabin halin Audu na babansa ne, rabi na unguwa ba. Kuma an ga cewa yawancin mutane suna ƙara natsuwa da riƙon alƙawari tsakanin shekara 20 zuwa 40. Mu ma mun san haka, shi ya sa muke cewa "ya yi hankali" ko "aure ya natsar da shi".

Wata malamar firamare daga Gwale ta ce: An ce "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe", an kuma ce "albasa ba ta yi halin ruwa ba". Ina koyar da yara uwa ɗaya uba ɗaya, tukunya ɗaya, amma kamar ba su san juna ba. Me ke kawo haka?

Malama, ta barewa yabo ce akasari, kuma gwaninta take yabawa: ɗan mahaddaci ya haddace, ɗan ɗan kasuwa ya iya ciniki. Sai dai kalmar gado a Hausa ta haɗa abu biyu a buhu ɗaya, jini da koyo. Je ki marinar Ƙofar Mata ko unguwar Dukawa. Yaron da ya buɗe ido ya ga ana zuba baba da toka a rijiyar rini, ko ana yanka fata ana ɗinka ta, in ya ƙware sai a ce ya gada. Ɗan wanzami tun yana ƙarami yake riƙe wa babansa zabira. Ba mai iya cewa ga iyakar jini, ga inda kallo da maimaitawa suka karɓa. Wannan cakuɗuwar ce ta sa masana suka nemi tagwayen da aka raba, da kuma 'ya'yan riƙo, don a nan ne kaɗai abubuwan biyu suke rabuwa.

Ta albasa zargi ce. Ruwa shi ne mahaifi, mai sanyi da daɗin sha'ani, albasa kuma ɗan da ya fito da yaji. Ba a cika faɗarta ga ɗan mutumin banza da ya shiryu ba, kuma ba a faɗarta a gaban uban, don tana ƙona rai. Wani abin lura: yajin albasa yana bin iri, amma yana ƙaruwa in ƙasar tana da sinadarin kibiritu, wato farar wuta, da yawa ko in shukar ta sha ƙishi. Iri ɗaya a lambu biyu, ɗanɗano biyu.

Tukunya ɗaya kuwa ba reno ɗaya ba ce, kuma Hausa ta riga ta raɗa wa bambancin suna. Ɗan fari yana tashi cikin alkunya, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Auta shalele ne, ya tarar da iyaye sun yi laushi, wataƙila hannu ya buɗe. A da, in za a yaye yaro wajen shekara biyu, gidan kaka ake kai shi, wani daga can bai dawo ba, ya zama goyon kaka. Ga ɗan riƙo, ga agola, ga wanda ya tashi lokacin da ake rigimar kishi a gidan. Masana biyu, Robert Plomin da Denise Daniels, sun nuna a 1987 cewa abin da kowane yaro ya gamu da shi shi kaɗai ya fi tasiri a halinsa bisa abin da 'yan gida suka yi tarayya a kai. Ko ta jini ma, 'yan uwa shaƙiƙai kusan rabi kawai suke haɗawa na ƙwayoyin gadon da mutane ke bambanta a kansu.

Ga abin da zai yi miki amfani a aji. Likitoci biyu, Alexander Thomas da Stella Chess, sun fara bin wasu jarirai a birnin New York a 1956. Kusan kashi 40 cikin ɗari sun zo da sauƙin kai, kashi 10 masu rigima, kashi 15 masu jinkirin sabo, sauran ba su faɗa rukuni ɗaya ba. Abin da ya fi nuna yadda yaro zai kasance shi ne dacewar renon da yanayinsa. Mai noƙe-noƙe in aka tsayar da shi gaban aji aka yi masa tsawa, ƙara shigewa ciki yake. A fara da tambayarsa a gefe, sannan cikin yara uku, sannan gaban kowa. Mai ƙiriniya a ba shi aikin motsi, share allo ko raba littattafai, da doka gajera wadda ba ta canzawa daga yau zuwa gobe. Kuma a bambance kalmomi: ƙiriniya yawan kuzari ce, da ita ake zuwa, fitsara koyonta ake yi. Matsalar gidaje da yawa ita ce an haɗa su an ba su magani ɗaya. Kalmar horo ma ta ƙanƙance a bakinmu ta koma bulala, alhali horon doki saba masa da linzami ne sannu a hankali.

Wani ɗalibi daga Kurna: "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai." Furfura ake nufi?

A'a, ƙurar kanwa ce. Mai dakon kanwa a ka yake ɗauka, garin yana zubo masa, na kusa da shi ma ya samu rabonsa ko bai taɓa kayan ba. Ana faɗarta kan abokai da abokan zama, ba kan iyaye ba. Ma'anarta ta zo daidai da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da almiski, abokin banza da mai zuga wutar maƙera. In halin gida kake son nunawa, abin da ake cewa shi ne "a nono ya sha", kuma ana faɗar wannan a yabo da zagi duka, don haka ka duba fuskar mai maganar kafin ka amsa da "na gode".