Keken burji a tuddan Tuskani: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙu uku na ware wannan makon, duk daga 'yan'uwanmu mazauna Italiya, kuma duk a kan fararen hanyoyin nan na tsakuwa da suka ratsa tuddan lardin Siena, waɗanda mutanen wurin ke kira strade bianche.

Malam Habibu daga Prato ya rubuto: "Assalamu alaikum. A masaƙa nake aiki, na tara Yuro 1,200. Abokan aikina suna fita da keke duk Lahadi zuwa ƙauyukan Chianti, ina so in riƙa bin su. An nuna mini keken tsere na kabon (wani haɗin zare mai ƙarfi marar nauyi), gwanjo, ba shi da nauyi ko kaɗan, faɗin tayarsa milimita 28. In saye shi, ko in nemi sabon keken burji na alminiyam?"

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Bar wannan na kabon ɗin inda ka gan shi. Na san daɗin ɗaga keke da yatsa biyu a shago, amma hanyar da za ka bi ba ruwanta da rashin nauyinsa. Tsakuwar Chianti tana zamewa a kwana, a gangare kuma akwai gargada inda ruwan sama ya zaizaye. Siririyar taya sai an cika ta da iska tam, ta riƙa tsalle a kan duwatsu, kafin azahar hannuwanka sun mutu. Ga shi kuma kabon na gwanjo yakan ɓoye tsagewa a ƙarƙashin fenti, mai sayarwar ma ba lalle ya san da ita ba.

Sayi na alminiyam, ka duba abu uku kafin launi ya ɗauke maka hankali. Na farko taya: faɗin milimita 40 shi ne daidai, kuma ka tambaya ko firam ɗin zai karɓi 45 idan ka so ƙarawa nan gaba. In da hali, a mayar maka da ita marar tub, irin wadda ake zuba wa ruwan da ke toshe huda da kansa. Mutum mai nauyin kilo 75 ba ya bukatar iskar da ta wuce 2.5 zuwa 3 a ma'aunin iska na "bar". Sai giyar hawa, kuma a nan ne na fi ganin mutane suna asarar kuɗi. Tuddan Tuskani ba su da tsawo sosai, amma a tsaye suke, wasu suna kai kashi 15 cikin ɗari. A kan tsakuwa kuwa ba dama ka miƙe tsaye kan feda, tayar baya za ta kwashe. Dole ka zauna ka murza a hankali. Don haka nemi mai farantin sarƙa biyu a gaba, masu haƙora 46 da 30, da babban faranti mai haƙora 34 a baya. Ko faranti ɗaya mai haƙora 40 a gaba, da babba mai 42 a baya. Na uku birki, ya kasance na faifai mai aiki da mai. Ni da kaina na taɓa sauka wani dogon gangare kusa da Radda da birkin roba bayan yayyafi, ina matsewa keken yana tafiya, sai da na sa ƙafa a ƙasa. Tun ranar ban sake ba.

Kada ka zuba kuɗin duka a keken. Ware kamar Yuro 200 don hular kwano, wando mai soso, ƙaramin famfo, tub biyu na ko-ta-kwana da kayan faci. A waɗannan hanyoyi babu mai faci a gindin bishiya.

Malama Rabi, ɗaliba a Pisa, ta ce: "Ni da maigidana muna da hutun kwana biyu. Mun ga taswirar hanyar Eroica, ta burge mu. Amma iyakarmu zagayen gari, ba mu taɓa hawa tudu ba. Za mu iya?"

Malama, ku ajiye ta sai baɗi. Hanyar Eroica ta dindindin, wato zagayen da bikin tsofaffin kekuna mai wannan suna ke bi, kilomita 209 ce, jimillar hawanta ya haura mita 3,000. Tana tashi daga Gaiole in Chianti, ta bi ta gidan sarauta na Brolio, ta gangara kudu har Montalcino, ta dawo ta Asciano da Monte Sante Marie, inda ko ƙwararru ke jin jiki. Wannan yanki na Monte Sante Marie, mai kilomita 11 da rabi, shi aka raɗa wa sunan ɗan tseren keke Fabian Cancellara bayan ya ci gasar tseren keke ta Strade Bianche sau uku, a 2008 da 2012 da 2016. Ba wurin koyo ba ne.

Abin da nake so ku yi shi ne guntun Via Francigena daga San Gimignano zuwa Siena, kimanin kilomita 50, ku raba shi gida biyu. Tsohuwar hanyar masu ziyara ce zuwa Rum. A shekarar 990 babban limamin cocin Canterbury na Ingila, Sigeric, ya bi ta yana komawa gida, ya rubuta zango 79 da ya yada. Ku hau jirgin ƙasa na yanki, wanda ke karɓar keke, daga Pisa ku canza a Empoli ku sauka Poggibonsi. Daga nan hawa ne na kilomita goma sha wani abu zuwa San Gimignano, kuma shi ne mafi wahalar abin da za ku yi, don haka ku yi shi da sassafe. Tun daga nesa za ku hango hasumiyoyinta. A da sun kai 72, attajiran garin suna gasar wa zai fi wani tsawo. 14 suka rage, kuma tun 1990 garin yake cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO.

Ku kwana a Colle di Val d'Elsa. Akwai masallaci a garin, an buɗe shi a 2013, abin da ba za ku samu cikin sauƙi a ƙauyukan kudu ba. Washegari hanya za ta kai ku Abbadia a Isola, tsohon gidan ibada da aka kafa a 1001, sannan Monteriggioni a kan tudunta. Wannan ƙauye ne nake so ku ba shi lokaci. Mutanen Siena suka gina ganuwarsa daga 1213 don tare mayaƙan Firenze, kuma har yau tana nan a zagaye da hasumiya 14, ƙofa ɗaya tana kallon Firenze, ɗaya tana kallon Rum. Cikin minti biyar za ku ratsa shi daga ƙofa zuwa ƙofa, amma ku jingine kekunan ku zauna a dandalin tsakiya, wurin rijiyar. Daga can kilomita 20 ya rage zuwa Siena. Ku bi alamomin masu keke, fari da shuɗi. Ja da fari na masu tafiyar ƙasa ne, wani lokaci sukan kai mutum ga turbar da sai an ɗauki keke a kafaɗa.

Maganar ciki kuma, a kula: naman alade ya yawaita a girkin Tuskani, har miyar wake akan ɗanɗana ta da shi. Ku riƙe "senza maiale" a bakinku, wato ban da alade. Burodi da cukun tumaki na pecorino, da taliyar pici mai tumatir da tafarnuwa, sun ishe ku. Famfunan ƙauye ana shan ruwansu, sai wanda aka rubuta wa "non potabile".

Alhaji Musa daga Brescia ya tambaya ko zai iya shiga bikin Eroica da sabon keken burjinsa, da kuma lokacin da ya fi dacewa ya zo yawo.

Alhaji, ba za su bar ka ba. Giancarlo Brocci ya fara bikin a 1997 don kare fararen hanyoyin daga kwalta, ana yin sa Lahadin farko ta Oktoba, kuma sharaɗinsa tsohon keken ƙarfe irin na 1987 zuwa baya, mai sandar canza giya a jikin firam. Naka na zamani wurinsa Nova Eroica, wadda ke tashi daga Buonconvento. In yawo kawai kake so, zo tsakanin Afrilu da farkon Yuni, ko Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. Yuli da Agusta zafi kan wuce digiri 35, ga farar ƙura, ga ƙarancin inuwa. In an kwana ana ruwa, kauce wa ƙananan turbobin Crete Senesi da ke kudu da Siena, domin ƙasar yumɓu ce, tana liƙe wa taya har ta ƙi juyawa. A can kuma za ka haɗu da garken tumaki da manyan fararen karnukan da ke gadinsu. Kada ka yi gudu. Sauka, ka sa keken tsakaninka da karen, ka wuce a hankali nesa da garken.