Ɗalibina ya ci maki 231 amma shiru, ko mu biya mai "hanya"?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata sakandaren gwamnati a Kumo, ina taimaka wa 'yan aji shida da cike fom ɗin JAMB. Akwai wani yaro maraya, mahaifiyarsa ƙosai take sayarwa. Bara ya ci 218, bana 231, likitanci yake nema a Jami'ar Jihar Gombe, har yau shiru. Wani mutum ya ce a kawo naira 150,000 zai sa sunansa a jerin farko, ya kuma ƙara masa maki. Uwar ta fara cigiyar mai sayen awakinta. Raina a jagule yake, don ni ma na fara yarda ɗan talaka ba ya shiga jami'a sai da hanya. Me zan faɗa mata?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. Ki je wurinta yau, kada ki bari sai gobe, ki ce ta bar awakinta. Mutumin nan ba shi da abin da zai sayar mata.

Tun 2017 ƙofar shiga jami'a, kwalejin ilimi da foliteknik guda ɗaya ce, wato CAPS, manhajar da JAMB ke tantance gurbi da ita. Makaranta ta gabatar da suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya shiga shafinsa ya karɓa, sannan ya buga takardar gurbinsa. Duk takardar da aka miƙa wa yaro a ƙarƙashin bishiya ko a shagon kwamfuta, in ba ta bayyana a CAPS ba, ba gurbi ba ce, ko da tambarin jami'a goma a jikinta. Mafi muni shi ne wanda aka cusa ta bayan gida ya fara karatu da gaske. Zai biya kuɗin makaranta shekara huɗu ko biyar, sai lokacin bautar ƙasa a nemi sunansa a rajistar ɗalibai ta JAMB a rasa.

Ƙarin maki kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Makin yana cikin rumbun hukumar, abin da ɗan damfara ke iya canzawa shi ne takardar da ya buga. Ranar tantancewa jami'a ba takardar take dubawa ba, rumbun take dubawa. A 2023 JAMB ta fallasa wata ɗaliba a Anambra da ta zo da sakamakon bogi, ta haramta mata jarrabawa shekara uku. Haka ake so a yi wa marayan nan?

Ga yadda sana'ar tasu take, domin ki iya bayyana wa iyaye. Dillali zai karɓi kuɗin yara da yawa, ya koma gida ya zauna, bai yi komai ba. A cikinsu dole wasu su samu da ƙoƙarinsu, sai ya bugi ƙirji ya ce aikinsa ne, iyayensu su zama masu yi masa talla a unguwa. Waɗanda ba su samu ba a ce su jira jeri na biyu, daga nan na uku, daga nan waya ta daina shiga. Wasu ma sukan karɓi lambar sirrin shafin yaro, su canza masa makaranta zuwa wadda ba ta cika ba, su danna karɓa, su dawo da murna. Da zarar an karɓi gurbi a CAPS an cire yaro daga lissafin sauran makarantu a wannan shekarar. Abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan magana ta "sai mai uwa a gindin murhu" ta fi yi wa talaka ɓarna fiye da dillalin kansa. Ita ke sa yaro mai ƙwaƙwalwa ya ƙi buɗe shafinsa, ya ƙi zuwa jarrabawar tantancewa, ya ce ai an riga an raba. Malamai na faɗinta a ofis, limamai na jin ta a majalisa ba sa tsawatarwa, iyaye na maimaita ta gaban 'ya'yansu. Ban ce babu son kai a ƙasar nan ba. Amma yawancin yaran da ake kawowa da kukan an danne su, in aka buɗe shafinsu, kuskuren da za a gyara cikin awa ɗaya ake tararwa.

To ki zaunar da yaron gaban kwamfuta ki duba. Fara da sakamakon WAEC ko NECO: an ɗora shi a shafin JAMB? Yara da yawa na yin rajista suna jiran sakamako, ya fito, su kai wa jami'a, su manta da JAMB. In ba a ɗora ba, CAPS ba ta ganin yaron kwata-kwata, ko 300 ya ci. A cibiyar CBT mai lasisi, wato wurin rubuta jarrabawa ta kwamfuta, ko ofishin JAMB na jiha ake ɗorawa. Sai kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, a zama da bai wuce biyu ba, likitanci kuma jami'o'i da dama zama ɗaya suke so. Sai darussan da ya rubuta: likitanci Turanci ne da Fizik da Kimistiri da Bayoloji, wanda ya sa Lissafi a madadin Fizik ya fita tun kafin a duba makinsa. Sai suna da ranar haihuwa, su zo ɗaya a NIN da JAMB da WAEC. Muhammad a nan, Mohammed a can, yana jawo wahalar da ba ki zata ba. Ki tambaye shi kuma da layin wa aka tura NIN zuwa 55019 aka samo lambar da ake fara rajista da ita. In na mai shago ne, saƙonnin hukuma can suke tafiya.

Yanzu maganar da ba ta da daɗi. Maki 231 maki ne mai kyau, amma da wuya ya isa likitanci. Majalisar likitoci ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka, guraben kaɗan ne, masu nema kuma sun yi yawa. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa, kamar 150 na jami'o'i a 2025, izinin shiga layi ne kawai. Kowane kwas yana da nasa ma'auni, bayan an haɗa makin JAMB da na tantancewar jami'a. Rashin mai faɗa wa yaro wannan gaskiyar ne ya cinye masa shekara guda.

Amma yana da dama fiye da yadda yake tsammani. A jami'o'in tarayya kashi 45 cikin ɗari na gurbi na cancanta ne zalla, 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 na jihohin da aka lissafa a baya a ilimin boko, kuma Gombe da Bauchi suna ciki. Ke nan ɗan Akko, inda Kumo take, da ke da takardar shaidar ƙaramar hukumarsa yana da ƙofa a Jami'ar Tarayya ta Kashere da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi wadda ba ya buƙatar kowa ya buɗe masa. Ya je cibiya mai lasisi ya canza kwas ko makaranta tun ba a rufe ba, zuwa abin da darussansa huɗu suka dace da shi, irin su kimiyyar ƙananan halittu, kimistirin jiki, aikin gona ko koyar da kimiyya. Makarantar da yake so ta zama zaɓin farko, domin yawanci ba a waiwayar na biyu. Bayan canjin ya yi rajistar tantancewa a shafin sabuwar makarantar, ya riƙa leƙa CAPS duk bayan kwana biyu, don wani lokaci jami'a kan yi tayin mayar da ɗalibi wani kwas, kuma sai ya amince da hannunsa. In zuciyarsa ta kafe a kan likitanci, akwai IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello, wato karatun share fage da ake shiga aji biyu na jami'a da shi, ko ya karɓi wani kwas ya sake zama jarrabawar baɗi da shiri na gaske. In kuma ya ga an tsallake shi an ɗauki wanda bai kai shi ba, ya shigar da ƙorafi a shafin koke na JAMB, kyauta ne.

Awakin a ajiye su don kuɗin rajista da na ɗaki. Da ya samu lambar ɗalibi ya nemi rancen NELFUND, wato asusun rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, da aka fara a 2024, ba ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makarantun gwamnati, ya kuma sa ido kan tallafin karatu na jiha.

Ga 'yan ajinki na bana, Malama, ki buɗe littafi tun zangon farko: sunan kowa yadda yake a NIN, layin wayarsa na kansa, imel ɗinsa, kwas ɗin da yake so da darussan da kundin JAMB ya gindaya masa. Ki kira iyaye taro kafin a fara sayar da fom, ki buɗe CAPS a waya su gani da idonsu. Lambar wayar mutumin nan kuma, a kai ta ofishin JAMB na Gombe da ofishin 'yan sanda, domin ba gidan mai ƙosai kaɗai ya je ba.