Amsa: Shin amfilifayar Kilas D na ɓata sauti?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce masallacinku a Aboabo na son sauya amfilifaya saboda kuɗin wuta, amma wani mai gyara ya ce maka Kilas D muryarta a bushe take.

A da, maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Yau kam ni Kilas D zan saya.

Tsohuwar Kilas AB, ko a lissafi abin da take kai wa lasifika ba ya wuce kashi 78.5 cikin 100 na wutar da take ja, a aikace ma ƙasa da haka. Sauran zafi ne, shi ya sa take da nauyi da fanka. Kilas D kuwa taransistocinta kunnawa da kashewa kawai suke yi, sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa, sai ta kai wajen kashi 90. Ranar dumsor, wato ranar da aka ɗauke wuta, idan kuna kan batir ko ƙaramin janareta, za ka ga bambancin.

Ingancin sauti yana wajen matatar da ke bakin fita, wato naɗin waya da kafasita, wadda ke tace wannan kunna-kashen. Idan an yi ta da araha, siririn sauti kan canza gwargwadon lasifikar da aka haɗa, karatun liman ya riƙa kartar kunne. Raunin abin ba da wuta ma na sa murya ta fashe in an ƙure ta.

Don Allah kar lambar wat ta jikin kwali ta ruɗe ka, nemi ta RMS, wato ƙarfin da amfilifayar ke iya bayarwa ba tare da yankewa ba. Ka tafi shagon da lasifikarku, a gwada da murya. In kuma ƙahonin kan hasumiya ne masu doguwar waya, tambayi amfilifaya mai layin bolt 100, wato irin da aka yi don doguwar waya.